Yadda ake zaɓar madubai da haɗa na'urar lesa don auna motsin inji

Duk wanda ya taɓa aiki da injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, ya san wannan damuwar: allon inji ya ce tebur ya yi tafiyar milimita 500, ka ciro ƙarfen ka auna, ka ga ya ɗan saɓa. Don gano inda gaskiya take ake ɗauko intaferomita, wato na'urar da ke auna tafiya da hasken lesa. Na ɗauki shekaru ina yawo da akwatinta tsakanin Sharaɗa da Bompai da Challawa, kuma abin da zan fara faɗa wa sabon shiga shi ne, da wuya lesar kanta ta yi maka ƙarya. Kuskure yakan fito ne daga madubin da ka zaɓa, da inda ka ɗaura shi, da kuma iskar da hasken ya ratsa. A Kano kuwa iskar nan ba ta da sauƙi.

Ga ɗan bayanin da ba makawa sai ka riƙe. Ana raba haske ɗaya gida biyu. Rabi ya tafi madubin da ba ya motsi, rabi ya tafi madubin da ke kan abin da ake aunawa, su dawo su haɗu. In madubi na biyu ya matsa, haɗuwar tasu takan riƙa sauyawa tsakanin haske da duhu, na'ura kuma tana ƙirga sauyin. Tsarin Albert Michelson ne, wanda ya yi shahararren gwajinsa da shi a 1887. Lesar da aka fi amfani da ita ita ce ja ta iskar hiliyam da niyon, mai tsawon zango nanomita 632.8, zango irin wanda ake nufi in an ce rediyo mai gajeren zango. Da yake hasken zuwa yake ya dawo, kowane sauyi ɗaya daidai yake da tafiyar rabin zango, nanomita 316.4. Maikron ɗaya shi ne milimita a raba dubu, nanomita kuma maikron a raba dubu.

Kayan aiki

- Kan lesa wanda aka daidaita zangonsa ba ya yawo, da takardar shaidar gwajinsa. Renishaw da Keysight da Zygo su ne sunayen da za ka fi cin karo da su.
- Marabin haske, ɗan kubun gilashi da ke raba hasken biyu.
- Madubi mai mayarwa guda biyu. Kusurwar kubu ce mai fuska uku, duk ta inda haske ya shiga sai ta mayar da shi ta hanyar da ta yi daidai da wadda ya zo.
- Shimfiɗaɗɗen madubi da marabinsa na musamman, in aikin ya buƙata.
- Na'urar auna yanayi: zafin iska, nauyin iska, danshi, da 'yan ma'aunan zafi masu maganaɗisu da ake mannawa a jikin inji.
- Ƙafa uku mai ƙarfi, gindi mai maganaɗisu, sanduna da maƙalai, da murafun saiti masu farin ɗigo.
- Kwamfuta mai manhajar na'urar, da batirin ajiya ko inbata.
- Roba mai hura iska, takardar goge gilashin kyamara, da sinadarin aisofurofil mai tsabta.

Ka manta da 'yar lesar nan ta nuni da ake sayarwa a kasuwar waya. Tana iya nuna wa ɗalibai zanen haske da duhu a kan tebur, amma zangonta na sauyawa da ɗumin hannu ma, ba a awo da ita.

1. Dubi yadda abin ke motsi kafin ka zaɓi madubi

Nan ne ake asarar kuɗi, don haka zan ɗan daɗe.

In abin yana tafiya a layi ɗaya ne kawai, kamar teburin injin sassaƙa ko keken injin dira, madubi mai mayarwa shi ne naka. Yana da haƙuri. Ko tebur ya ɗan karkace a hanya, hasken zai dawo gida. Shi ya sa ake iya auna mita masu yawa da shi. Lesar XL-80 ta Renishaw, alal misali, an yi ta ne ta kai mita 80. Rauninsa ɗaya: ba ya jure gocewa gefe. In ya matsa gefe da milimita ɗaya, hasken da ke dawowa zai matsa da milimita biyu, kuma da yake kaurin hasken bai wuce kamar milimita shida ba, nan da nan sai ya kauce wa idon na'ura.

In kuwa abin yana tafiya gaba da kuma gefe a lokaci guda, irin ƙaramin teburin da ke ƙarƙashin madubin likita ko injin zanen allunan lantarki, sai shimfiɗaɗɗen madubi. Ana ɗaura dogon madubi a gefen tebur, haske ya riƙa zamewa a kansa yayin da ake tafiyar gefe. Halinsa kishiyar na farko ne: gocewa ba ta dame shi, karkata ce ke kashe shi, kuma iya nisan madubin iya ƙarancin karkatar da zai jure. Tsawonsa dole ya fi tafiyar gefen, a ƙara da faɗin hasken. Laushin fuskarsa kuma yana shiga awonka kai tsaye, duk tudu ko kwarin da ke jikinsa na'ura za ta ɗauka motsi ne. Kada ka sayi wanda rashin daidaiton fuskarsa ya wuce zango a raba goma. Madubin ɗaki ba ya cikin magana, domin azurfarsa a bayan gilashi take.

Marabin shimfiɗaɗɗen madubi yakan aika haske sau biyu zuwa madubin, ta hanyar wani siririn faifai da ke juya yanayin hasken. Ribar ita ce sauyi ɗaya ya zama nanomita 158.2. Farashin kuma shi ne gudun da na'ura za ta iya bi ya ragu da rabi. Wanda ke auna inji mai saurin gudu ya lura da wannan.

Akwai kuma marabi mai kwatanta madubai biyu da ke kusa da juna, ɗaya a kan tebur, ɗaya a kan ginshiƙin inji. Shi ake nema in ana maganar nanomita kuma awon zai ɗauki sa'o'i, domin hanyoyin biyu suna ratsa kusan iska ɗaya, kuskurensu ya cinye juna. Yana da tsada, kuma yawancin bitocinmu ba sa buƙatarsa. Madubai na auna karkata da na auna miƙewar layi saiti ne daban, wani darasi ne.

Gargaɗi ga masu sayen kwance: kada ka haɗa marabin wani kamfani da lesar wani ba tare da ka tabbatar ba. Lesa iri biyu ce, mai fitar da haske mai zango ɗaya da mai fitar da zango biyu da ke dab da juna. Tazarar da ke tsakanin hasken fita da na dawowa takan bambanta, kuma shafen da ke kan gilashin an yi shi ne don zango guda. Gilashin da aka shafa don koren haske ba zai yi maka aiki da ja yadda ya kamata ba. Ka riƙe gilashin a gefen fitila ka duba ƙarce, da hazo, da alamar ɓamɓarewar manne a tsakiyar kubun.

2. Shirya wuri da lokaci

Ka kai kayan wurin aiki da wuri, ka buɗe akwati, ka bar su sa'o'i su sha zafin ɗakin. Gilashin da ya fito daga but ɗin mota da rana tsaka zai yi ta hucewa yana ba ka lambobi masu tafiya.

In bitar ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, lokaci shi ne maganinka. Ni na fi son farawa bayan sallar Asuba, lokacin rufin kwano ya gama hucewa, rana ba ta fara dukansa ba. Daga hantsi zuwa La'asar zafin ɗaki hawa yake yi, kuma abin da ya fi ɓata awo ba yawan zafi ba ne, sauyawarsa ce. In akwai na'urar sanyi, kada iskarta ta busa kan inji ko hanyar haske. Rufe ƙofa, toshe tagar da rana ke shigowa. Fankar ƙasa da aka sa nesa kaɗan tana gauraya iskar hanyar takan taimaka, domin ta wargaza dunƙulen iska mai ɗumi da ke sa lamba rawa.

A hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka cire murfin gilashi sai za a fara. In ƙura ta hau, hura da roba tukuna. Goge busasshiyar ƙurar hunturu da ƙyalle kamar goge gilashin da yashi ne. Sai ta tashi, sannan ka ɗiga sinadari a takarda ka ja sau ɗaya, ka yar da takardar. Kada ka hura da baki.

Wuta kuma: lesa da kwamfuta su zauna a kan batiri. Wannan na'ura ba ta san inda tebur yake ba, abin da ya tafi kawai take ƙirgawa daga inda ka ce mata sifiri. Wuta ta ɗauke na daƙiƙa ɗaya, lissafi ya tafi. In janareta na kusa, ka taɓa ƙafa ukun da hannu ka ji ko tana kaɗawa.

3. Ɗaura madubai

Ƙa'idar ita ce, ɗaya a inda wuƙar inji ke zama, ɗaya a inda ƙarfen aiki ke zama. A injin sassaƙa mai tebur mai tafiya, marabin haske da madubinsa na tsaye su maƙale a kan da ke riƙe wuƙa, madubi mai tafiya ya hau tebur. Kan lesa kaɗai ke tsayawa a ƙasa bisa ƙafa uku. In ka ɗora marabi a kan ƙafa uku, madubi a kan inji, to girgizar inji a kan daɓe za ta shiga awonka.

Abu biyu za ka kiyaye a nan.

Na farko, hasken ya bi layin da ainihin aikin ke gudana, ko kusa da shi iya iyawarka. Wannan ita ce ƙa'idar Ernst Abbe, Bajamushen nan na garin Jena. Babu teburin da ba ya ɗan sunkuyawa in yana tafiya. In ka ɗaga madubi a kan sanda milimita 100 sama da layin aiki, tebur ya sunkuya da daƙiƙa 10 ta kusurwa (daƙiƙa ɗaya ita ce digiri a raba 3600), wadda ido ba zai taɓa gani ba, kuskuren ya kusa maikron biyar. Gajeriyar sanda mai kauri ta fi doguwa.

Na biyu, ka kawo madubi mai tafiya dab da marabi a wurin da za ka sa sifiri. Tazarar da ta rage tsakaninsu a wannan lokaci ana kiranta matacciyar hanya, domin na'ura ba ta ƙirga ta ba, amma iskar cikinta tana sauya awo. In ka bar rabin mita, zafin iska ya sauya da digiri ɗaya, sifirinka ya matsa da kusan rabin maikron alhali ba abin da ya motsa. In wuri bai ba ka dama ba, auna tazarar da tef ka shigar a manhaja in tana da gurbin hakan.

Inda tebur na alminiyam ne ko dutse, maganaɗisu ba zai kama ba. Yi amfani da maƙalan inji ka danne gindin. Kada ka yarda da gam ko salatif.

4. Saita haske

Kunna lesa ka bar ta ta yi ɗumi har fitilarta ta nuna ta daidaita. Sababbi 'yan mintoci ne, tsofaffi sukan daɗe. Ƙarfinta bai kai miliwat ɗaya ba, amma kada ka leƙa cikinta, kuma kada ka bari ta kasance daidai tsayin idon mai zama.

Sa murfin saiti a kan madubi mai tafiya. Kawo tebur kusa, ka matsar da kan lesa sama, ƙasa ko gefe har jan ɗigo ya hau farin ɗigo. Kai tebur can ƙarshe, za ka ga ɗigon ya goce. A nan kada ka matsar, juya kan lesar za ka yi a hankali. Yaran da nake koya wa sun haddace shi: kusa a matsa, nesa a juya. Ka yi ta kai da komo har ɗigon ya daina motsi a duk tsawon tafiyar. Sannan ka cire murfi, ka daidaita marabi har hasken biyu da ke dawowa su hau kan juna, ka duba ma'aunin ƙarfin sigina daga farko zuwa ƙarshe.

Kuskuren sababbi shi ne su ga sigina ta cika su ce an gama. In layin haske bai yi daidai da layin tafiya ba, na'ura za ta riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya, kullum ƙasa. A doguwar tafiya abin ba shi da yawa: gocewar milimita ɗaya a mita ɗaya rabin maikron ce. Gajeriyar tafiya ce ke yaudara. Gocewar rabin milimita a tafiyar milimita 100 ta haura maikron ɗaya, kuma sigina ba za ta nuna maka komai ba. Don haka a gajeren inji ka ƙara haƙuri wajen saiti.

Ka kuma lura kada wani ƙarfe mai sheƙi ya mayar da haske cikin ramin da lesa ke fitowa, yana rikita ta.

5. Lissafin iska da zafin ƙarfe

Zangon haske a cikin iska ba ɗaya yake da na sararin da babu iska ba, kuma yana bin kaurin iskar. A taƙaice, digiri ɗaya na zafi yana kawo kuskuren kusan maikron ɗaya a kowace mita. Da miliba ake auna nauyin iska, kuma sauyin miliba uku da rabi zuwa huɗu shi ma haka. Danshi tasirinsa kaɗan ne, amma tsakanin bushewar Janairu da damshin Agusta ya isa a shigar da shi.

Yanzu kawo wannan gida. Lambobin da na'ura ke zuwa da su na digiri 20 ne da miliba 1013, nauyin iskar bakin teku. Kano tana kan tudu, kusan mita 480 sama da teku, don haka nauyin iskarmu yakan zauna wajen miliba 955 zuwa 960. Wannan kaɗai maikron 15 ne a mita. In bita ta kai digiri 38 a watan Afrilu, ƙara wasu 18. Duka biyun gefe ɗaya suke ja, jimilla ta haura maikron 30 a mita, kusan rabin kaurin gashin kai.

Na taɓa faɗawa wannan rami a wata masana'anta. Ma'aunin nauyin iskata ya ƙi tashi, sai na ce wa yarona ya duba a waya. Ya karanto mini dubu da goma sha wani abu, na shigar. Muka yi awo har Azahar, lambobi suna nuna sukurun da ke tura teburin injin ya gajarta. Mai wurin ya tsaya a kaina yana cewa, "Injiniya, injin nan fa bai shekara ba." Sai a mota na tuna cewa manhajojin hasashen yanayi suna mayar da lambar ne kamar a bakin teku kake. Washegari na dawo na sake, ban karɓi ko kwabo a kai ba. Abin da ake so shi ne ainihin nauyin iskar ɗakin. In ma'auninka ya lalace, wasu wayoyi suna da na'urar nauyin iska a cikinsu da ke ba da ɗanyen lamba. Haɗa da ma'aunin zafi mai kyau da na danshi, ka shigar da hannu. Lissafin da ake bi shi ne na Edlén na 1966 da gyare-gyarensa, ko na Ciddor na 1996, kuma hukumar awo ta Amurka, NIST, tana da shafin da ke yin lissafin kyauta.

Ma'aunin zafin iska ya zauna kusa da hanyar haske, daidai tsayinta, nesa da motar lantarkin inji da fitila.

Sai zafin ƙarfe, wanda ya fi na iska girma nesa ba kusa ba. A duniya an amince duk tsayi ana faɗarsa ne a digiri 20. Ƙarfe yana miƙewa kusan maikron 11.5 a mita a kowane digiri, alminiyam kusan 23. Sandar ƙarfe mai mita ɗaya a digiri 35 ta ƙaru da wajen maikron 170. Kuskuren digiri ɗaya a ma'aunin jikin inji ya ninka na iska sau goma sha ɗaya. Manna ma'aunai biyu ko uku a kan tebur da jikin inji, a wuri mai tsabta da ba fenti mai kauri. Ka yi magana da mai injin tun farko: da wane ƙarfe ya fi aiki, kuma injin da sikelin gilashi yake karanta matsayi ko da juyawar sukuru? Amsar ce ke nuna lambar miƙewar da za ka shigar. Rubuta ta a rahoto.

6. Awon kansa

Bari inji ya yi ta kai da komo ya yi ɗumi kamar yadda yake yi a ranar aiki. Sannan ka sa sifiri, ka bar komai tsaye minti goma kana kallon lamba. In tana tafiya gefe guda, wani abu na ɗumama ko maƙali na zamewa. Nemo shi kafin ka ci gaba.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwada daidaiton tafiyar inji, ISO 230-2, ita ake bi. Ga layin da bai wuce mita biyu ba, ana zaɓar aƙalla wurare biyar a kowace mita, a je kowanne sau biyar ta gaba, sau biyar ta baya. Kada tazarar wuraren ta zama daidai da ninkin zaren sukuru. In zaren milimita 10 ne ka riƙa tsayawa a 100, 200, 300, kullum a fuska ɗaya ta sukurun kake tsayawa, kuskuren da ke maimaituwa a kowane juyi ba zai fito ba. Sa ɗan bambanci, kamar 103.2 da 198.7. A kowane ƙarshe tebur ya ɗan wuce kafin ya juyo, kuma a kowane wuri ya dakata 'yan daƙiƙu kafin a ɗauki lamba.

Ja igiya ka tare hanya. Hannun riga ɗaya ya gilma ta cikin haske, an koma farko.

7. Karanta sakamako

Manhaja za ta zana maka layuka. Layin da ke hawa ko sauka a miƙe yana nuna kuskuren sikeli, amma kafin ka zargi inji, koma ka duba lambobin iska da na zafin ƙarfe da saitin haske, don su ma kamannin da suke bayarwa ke nan. Giɓi tsakanin layin zuwa da na dawowa sako-sako ne a sukuru ko notinsa. Layi mai tashi da faɗuwa a tazara ɗaya yana nuni ga sukuru ko abin da ke karanta juyawarsa. In kowane zagaye yana ɗan hawa kan wanda ya gabace shi, zafi ne ke ƙaruwa. In lambobin sun warwatse ba tsari, duba maƙalai da girgiza tukuna.

Kafin ka shigar da lambobin gyara a kwamfutar injin, kwafi tsofaffin ka adana, kuma ka tabbatar ko da su a kunne ka yi awon ko a kashe. Sako-sakon da ya yi yawa na makaniki ne, lamba ba za ta ɓoye shi na dogon lokaci ba. Bayan gyara ka sake cikakken awo ba tare da ka taɓa madubai ba. A ƙarshe mayar da tebur wurin sifiri ka rubuta abin da na'ura ta nuna, tare da kwanan wata, da sa'a, da zafin iska da na ƙarfe a farko da ƙarshe, da tsayin madubi daga tebur. Sannan ka rufe gilasai tun kafin a buɗe ƙofar bita.